Bayanin Asalin Addinan Duniya da Yadda Suka Iske Mu a Ƙasar Kano

Da sunan Allah nake farawa, Mai yalwar jinƙai ga bayinSa baki ɗaya. Godiya ta tabbata gare Shi, Shi da Ya fitar da mutane daga uba ɗaya, sa'an nan Ya rarraba harsunansu da launin fatarsu. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi sawunsu da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ka sani ya kai almajiri mai neman sani, da kai ɗan kasuwa mai neman halaliya, haƙiƙa duniya ta taru a ƙasarmu. Riɗin da aka noma a Ɗambatta da Makoɗa da Kunci, idan ya kai Dawanau, sau da yawa Ba'indiye ne ko mutumin Sin ke jiran buhunsa. Atamfar Kantin Kwari da butar roba da babur ɗin da kake hawa zuwa gona, hannun mutanen wani addini ne ya ƙera mafi yawansu. To, wanda ke cin kasuwa da mutum alhali bai san abin da mutumin yake girmamawa ba, da abin da yake ƙyama, yana tafiya ne cikin duhu, kuma rashin sani ya fi dare duhu.

Kada wani ya ce wannan ilimi baƙo ne ga Musulunci. Ibnu Hazmi na Andalus, wanda ya rasu a shekara ta 456 bayan Hijira, ya wallafa littafin Alfisal a kan addinai da ƙungiyoyi. Shaharastani, wanda ya rasu a 548, ya wallafa Almilalu wan Nihal. Albiruni kuwa sai da ya koyi harshen malaman Hindu, ya zauna da su, kafin ya rubuta littafinsa a kan ƙasarsu wajejen shekara ta 1030 ta Miladiyya. Kuma mai karatun Risala da Muhtasar ba zai gane babin yanka da babin aure da babin jizya ba sai ya san su wane ne Ahlul Kitabi, su wane ne Majusawa.

Kowane addini yana ƙoƙarin amsa tambayoyi huɗu: wa ya yi duniya, ta bakin wa aka ji labarinsa, mece ce cutar ɗan Adam da maganinta, kuma ina aka nufa bayan mutuwa. Da wannan mudu za mu auna su ɗaya bayan ɗaya, muna faɗin abin da masu shi suke faɗi game da kansu, domin ƙarya haramun ce ko a kan wa aka yi ta.

Fasali na farko: abin da aka iske a Dala

Littafin Tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe, babban mai tsafi a gindin dutsen Dala, da abin bautarsu Tsumburbura, wanda aka kewaye wurinsa da katanga, ba mai shiga sai shi. Sau ɗaya a shekara jama'a kan taru da baƙaƙen dabbobi a yanka, shi kuma ya fito ya faɗa musu abin da zai auku. A kan waɗannan mutane Bagauda ya yi sarauta, a 999 bisa lissafin da aka saba, kuma sai zamanin Sarki Tsamiya, wanda ya yi mulki daga 1307 zuwa 1343, aka rushe wannan katanga.

Waɗanda suka ci gaba da riƙe al'adar kakanni su ake kira Maguzawa. Bamaguje ya san da Allah, yana ambatonSa, ya yarda Shi Ya yi sama da ƙasa, amma a ganinsa Allah Ya yi nisa da al'amuran yau da gobe, saboda haka yake neman biyan bukata ta wajen iskoki, irin su Kure da Uwar Gona, da yankan ɗan akuya ko zakara a gindin tsafin gida kafin shuka da bayan girbi. Ba su da littafi, ba su da manzo, kuma ba su faɗaɗa magana a kan hisabi ba. Cuta a wurinsu fushin iska ce ko sammu, maganinta yanka. Duk da haka dattawanmu sun shaide su da ƙwazon noma da tsoron rantsuwa a kan ƙarya. Da yawansu sun musulunta, musamman a rangadin Sardauna Ahmadu Bello tsakanin 1963 da 1965 da bayansa, wasu kuma sun shiga Kiristanci. Harshensu namu ne, kuma da yawanmu idan muka bi salsala da gaskiya za mu iske kanmu a gida ɗaya da su.

Fasali na biyu: Yahudanci

Asalin wannan gida Annabi Ibrahim ne, amincin Allah ya tabbata gare shi, wanda ya fito daga ƙasar Iraki ya sauka a Kan'ana. Ta ɗansa Ishaƙa aka sami Yaƙubu, wato Isra'ila, mai 'ya'ya goma sha biyu, kuma daga sunan ɗayansu, Yahuza, aka sami kalmar Yahudawa. Annabi Musa ya fitar da su daga bautar Fir'auna, aka ba shi Attaura a dutsen Sina'i. Annabi Sulaimanu ya gina musu ɗakin ibada a Baitul Muƙaddas, Buhtanasar sarkin Babila ya rushe shi wajejen shekara 586 kafin Miladiyya, ya kwashe su bayi. Suka komo suka sāke gini, Rumawa suka sāke rushewa a shekara ta 70 ta Miladiyya. Daga nan malamansu suka maye gurbin masu yanka, suka tattara fiƙihunsu a littafin Talmud.

Sun yi imani da Allah ɗaya ba tare da gunki ko sura ba, kuma suna ganin akwai alkawari na musamman tsakaninSa da su. Suna kaciya a rana ta takwas, ba sa cin alade, ba sa aiki ranar Asabar, suna jiran wani Almasihu da bai zo ba tukuna, domin ba su karɓi Annabi Isa ba, ba su karɓi Annabinmu ba. A nan muka rabu da su. Sun daɗe suna zaune cikin Musulmi a Andalus da Fas da Misra da Yaman. A 1492 sarakunan Kirista na Sifen suka kore su, a wannan zamanin ne kuma Shehu Almagili ya yi rigima da Yahudawan Tuwat kafin ya ratso hamada zuwa ƙasar Hausa, kuma malaman zamaninsa sun yi saɓani a kan fatawarsa. A yaƙin duniya na biyu Hitila na Jamus ya kashe kimanin miliyan 6 daga cikinsu. A 1948 aka kafa ƙasar Isra'ila, aka raba dubban ɗaruruwan Falasɗinawa da gidajensu, wutar da ba ta mutu ba. Yawansu a duniya bai wuce kimanin miliyan 15 ba. Mai hankali yana rarrabe tsakanin addini da aikin hukuma, yana ƙin zalunci daga duk hannun da ya fito.

Fasali na uku: Kiristanci

An haifi Annabi Isa ɗan Maryamu a Baitalahami, ya tashi a garin Nasira, daga nan ne aka ce sunan Nasara ya samo asali. Ya yi wa'azi cikin Bani Isra'ila a ƙarƙashin mulkin Rumawa, bayansa almajiransa da wani mai suna Bulus suka kai kiran ga sauran al'ummai. Littafinsu ya haɗa littattafan Yahudawa da Sabon Alkawari, wanda a cikinsa akwai Linjila huɗu, ta Matiyu da Markus da Luka da Yohanna.

Abin da suke cewa shi ne Allah ɗaya ne amma cikin uku, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Suna cewa cutar ɗan Adam zunubi ne da ya gada tun daga Adamu, kuma an gicciye Isa domin ya zama fansa, ya tashi a rana ta uku, shi ya sa suke girmama Lahadi. Mu kuwa mun tsaya a kan cewa Isa bawan Allah ne kuma manzonSa, ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba, kuma ba wanda ke ɗaukar laifin wani. Mun haɗu da su a kan tsarkin Maryamu, da haihuwarsa ba uba, da komowarsa, da tashin ƙiyama. Su kansu sun yi jayayya a kan matsayinsa, har sarkin Rum Ƙusɗanɗin ya tara manyan limamansu a Nikiya, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, a 325, aka ƙi maganar Ariyus na Iskandariyya wanda ya ce Ɗan halitta ne. A 1054 gabas da yamma suka rabu, a 1517 Martin Luta na Jamus ya yi wa Paparoma tawaye, shi ya sa kake ganin Katolika daban, Angilikan daban, wasu kuma daban. Su ne mafi yawa a duniya, sun haura biliyan 2.

Kada ka zaci addinin Turawa ne tun asali. Ya shiga Misra da Habasha tun kafin ya kafu a Ingila, kuma wurin Najashi, sarki Kirista, Manzon Allah ya tura sahabbansa hijira ta farko, saboda adalcinsa. Kwarorin Kantin Kwari Larabawa ne daga Sham da Labanan, amma wasunsu Kirista ne tun kaka da kakanni.

A ƙasarmu, 'yan mishan sun sauka Badagiri a 1842. A 1900 wani Bishof Tagwel da Likita Mila suka iso Kano, Sarki Alu Babba ya umarce su su fita. Da Turawa suka ci Kano a 1903, sai mutane suka haɗa mai bindiga da mai wa'azi a suna ɗaya, Nasara, ko da yake hukumar Turawa ta daɗe tana hana mishan aiki a cikin biranen sarakuna. Mila ya zauna a Zariya tun 1905, daga baya aka mayar da mishan Wusasa. A Zariya ne zuriyar Isawa suka iske shi a 1913, wato mabiya Malam Ibrahim, wanda aka kashe a Kano zamanin Sarki Abdullahi ɗan Dabo saboda abin da yake karantarwa game da Annabi Isa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kawo Yarabawa da Ibo da sauransu, aka kafa musu Sabon Gari. A 1932 aka buga littafinsu cikakke da Hausa. Mishan sun riƙe asibitin kutare na Yadakunya a ƙasar Ungogo, da asibitin ido na Kano, inda Musulmi da yawa suka sami magani. Faɗin wannan adalci ne, ba ya rage wa mai faɗinsa imani.

Fasali na huɗu: Majusanci

Wannan addinin mutanen Farisa ne na dā, wanda suke jingina wa Zaradashtu. Suna cewa akwai Ubangijin haske da alheri, Ahura Mazda, da kuma abokin gabarsa mai duhu da sharri, Ahariman, kuma duniya fagen yaƙinsu ce, a ƙarshe haske zai rinjaya. Mutum yana taimakon haske da kyakkyawan tunani da kyakkyawar magana da kyakkyawan aiki, kuma akwai hisabi bayan mutuwa. Suna da ɗakunan ibada inda wuta ba ta mutuwa, su suna cewa alamar tsarki ce. A irin wannan gida Salmanul Farisi ya tashi, ya bi limaman Kirista ɗaya bayan ɗaya, har Allah Ya kai shi Madina.

Da daularsu ta faɗi a yaƙin Ƙadisiyya da na Nahawandu zamanin Sayyidina Umar, sai ya tsaya yana nazarin hukuncinsu, har Abdurrahmani ɗan Aufu ya shaida masa cewa Manzon Allah ya karɓi jizya daga Majusawan Hajar. Aka bar su da addininsu da dukiyarsu, sai dai ba a cin yankansu, ba a auren matansu. Mazhabar Imamu Malik ta faɗaɗa wannan hukunci, kuma masana da yawa suna ganin daga kalmar Majusu aka sami sunan Maguzawa, wato malamanmu na dā sun ba su matsayin da zai kare jininsu da gonakinsu a kan jizya. Ka duba yadda sanin addinin Farisa ya zama rumfa ga manomin ƙasar Kano. Ragowar Majusawa kaɗan ne, wasu a Iran, wasu a birnin Mumbai na Indiya, kuma daga cikinsu ne gidan Tata masu ƙera manyan motoci suka fito.

Fasali na biyar: addinan ƙasar Hindu

Addinin Hindu ba shi da mutum ɗaya da ya kafa shi. Tsofaffin littattafansu, Beda, an fara tsara su da harshen Sanskirit fiye da shekara dubu kafin Annabi Isa. Talakansu suna bauta wa alloli masu yawa da siffofi da gumaka, manya daga ciki su ne Birahma da Bishnu da Shiba, malamansu kuwa da yawa suna cewa duk waɗannan fuskoki ne na haƙiƙa ɗaya. Ginshiƙin aƙidarsu shi ne abin da malamanmu ke kira tanasuhi, wato rai idan ya bar jiki sai ya sāke shiga wani jikin, na mutum ko na dabba, gwargwadon aikin da ya gabatar, wanda suke kira karma. Tsira a wurinsu ita ce kuɓuta daga wannan kai da komo. Suna wanka a kogin Ganga domin neman tsarki, suna ƙone gawa, suna girmama saniya, kuma da yawansu ba sa cin nama sam. Sun gāji rarraba mutane zuwa gidaje huɗu tun daga haihuwa, ko da yake dokar Indiya ta 1950 ta haramta ƙyamar na ƙasa. Sun haura biliyan 1. To, idan ka yi baƙo Ba'indiye a rumfarka, kada ka tarye shi da tsire da kilishi kafin ka tambaya, kuma kada ka manta Musulmin Indiya sun fi na Nijeriya yawa.

Daga wannan ƙasa Budda ya fito. Ɗan sarki ne mai suna Siddata Gautama, an haife shi a Lumbini cikin ƙasar Nefal ta yau, kimanin shekara 500 kafin Annabi Isa. Da ya ga tsufa da ciwo da mutuwa, sai ya bar fada ya shiga yawon neman sani. Abin da ya karantar shi ne rayuwa cike take da wahala, tushen wahala kwaɗayi ne, idan kwaɗayi ya mutu wahala ta ƙare, kuma akwai hanya mai rassa takwas da ke kai wa ga haka, ta gyaran fahimta da niyya da magana da aiki da sana'a da ƙoƙari da lura da natsuwa. Bai kira mutane ga Mahalicci ba, kuma wannan shi ne babban ramin da ke tsakaninmu da su. Sarki Ashoka ya ɗaukaka addinin a ƙarni na uku kafin Miladiyya, ya bazu zuwa Siri Lanka da Bama da Tailan da Sin da Japan.

Akwai kuma Sik, mutanen Fanjab, masu naɗa rawani da barin gemu, har wanda bai sani ba ya zaci Musulmi ne. Malaminsu Nanak an haife shi a 1469, lokacin Muhammadu Rumfa yana sarautar Kano. Suna kaɗaita Allah, ba sa gunki, amma sun yarda da tanasuhi, kuma suna da littafinsu daban.

Fasali na shida: mutanen Sin

Malaminsu mafi girma Kunfushiyus ne, wanda ya rayu daga 551 zuwa 479 kafin Miladiyya. Bai ce shi annabi ba ne, bai yawaita magana a kan lahira ba. Karatunsa a kan ladabi yake, na ɗa ga uba, da ƙane ga wa, da talaka ga sarki, da wajibin sarki ya zama abin koyi. Tare da shi akwai tafarkin Tawo na Lawzi, mai kira ga sauƙin kai da bin tsarin halitta. Mutum ɗaya a cikinsu yakan haɗa waɗannan da na Budda, yana kuma ƙona turare ga kakanninsa. Tun 1949 'yan kwaminis ke mulkinsu, waɗanda ba su yarda da addini ba, shi ya sa da yawansu in ka tambaye su sai su ce ba su da ko ɗaya. Amma fataken da ke zuwa Gwanzu sarin kaya sun ga tsohon masallaci a can, da kabarin da Musulmin garin ke jingina wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, ko da yake malaman tarihi sun tabbatar a Baƙi'a ta Madina aka binne shi.

Fasali na bakwai: Musulunci da shigarsa Kano

An haifi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, a Makka wajejen 570, wahayi ya fara sauka a 610, ya yi hijira a 622, ya yi wafati a 632. Amsarmu ga tambayoyin nan huɗu a fili take. Allah ɗaya ne, ba Shi da abokin tarayya. An ji labarinSa ta bakin annabawa tun daga Adamu har cikamakinsu. Cutar ɗan Adam mantuwa ce da bin son zuciya, maganinta tuba da salla da zakka da azumi da hajji da kyautata mu'amala. Rai sau ɗaya yake zuwa duniya, sa'an nan kabari, sa'an nan hisabi. Musulmi sun kai kimanin biliyan 2.

Uƙuba ɗan Nafi'u ya kafa Ƙairawan a shekara ta 50 bayan Hijira, daga can addini ya biyo ayarin raƙuma. Ya shiga fadar Kanem a ƙarshen ƙarni na 11. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Yaji, daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga Mali ƙarƙashin Abdurrahmani Zaite, malamai ne kuma fatake, aka naɗa liman da ladan da alƙali. Bayan Yaji, Sarki Kanajeji ya koma wa masu tsafi da yaƙi ya ƙi masa. Sa'an nan Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, ya kafa kasuwar Kurmi, ya karɓi Almagili, wanda ya rubuta masa nasiha a kan wajiban sarakuna. Duk da haka garwaye bai ƙare ba, har aka wayi gari sarakuna suna yi wa Dirki yanka, alhali an ce Alƙur'ani ne aka naɗe cikin fatu. Irin wannan ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi gyarawa. Ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, jama'arsa suka kori Sarki Alwali bayan yaƙin Ɗanyaya a nan arewacin Kano, kuma cikin jagororinsu akwai Malam Dabo Dambazau, wanda zuriyarsa ke riƙe da sarautar Sarkin Bai.

Ka lura, daga Yaji zuwa Shehu shekara fiye da 400 ce. Addini bai zauna a ƙasar nan da rana ɗaya ba, kuma waɗanda suka fara shigo da shi allo da awo suka riƙe. Mutane sun ga fatake masu cika mudu da cika alkawari, suka so abin da ya mai da su haka.

Kammalawa

Abin da ya wajaba ka ɗauka daga wannan bayani uku ne. Na farko, ka san naka da hujja, domin wanda bai karanta Ahalari da Ishmawi da Risala a gaban malami ba, kowace iska tana iya ɗaukarsa. Fitinar Maitatsine ta watan Disamba 1980, wadda ta ci rayuka fiye da 4,000 a Kano, daga cikin gida ta taso, kuma da almajirai marasa karatu aka hura ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na biyu, ka san na wani da adalci. Suratul An'ami ta hana zagin abin da wasu ke bauta wa domin kada su rama da zagin Allah, kuma Suratul Mumtahana ta halatta kyautata wa wanda bai yaƙe mu ba. A rikicin Oktoba 1991 da na Mayu 2004 an zubar da jini a Kano, an ƙone rumfuna da gidaje na ɓangarorin biyu, kuma mafi yawan waɗanda suka mutu talakawa ne da ba su san mafarin maganar ba. Jinin maƙwabci da dukiyarsa haramun ne, ko wane ɗaki yake shiga ranar ibadarsa, kuma hukunci aikin alƙali ne da hukuma, ba a bar wa taron titi shi ba.

Na uku, ya kai ɗan kasuwa, ka sani wanda ba Musulmi ba da wuya ya buɗe littafinmu, amma kullum yana buɗe buhunka. Idan ya iske tsakuwa a ƙasan riɗi, ko ruwa a cikin man gyaɗa, ko tiya mai lotsattsen gindi, to ka yi wa addininka shaidar zur a gabansa, kuma za a tambaye ka. Idan kuwa ya iske gaskiya, ka gāji Wangarawa. Shiriya a hannun Allah take, Yana ba wanda Ya so, kuma kakanninmu ma an yi haƙuri da su kafin su same ta.

Allah Ya sanar da mu abin da zai amfane mu, Ya amfane mu da abin da Ya sanar da mu, Ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya a ƙasarmu, Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu. Wanda ya kwafi wannan takarda ko ya karanta ta, ya sa marubucinta cikin addu'a. Allah ne Mafi sani.